Ganyen da Na Ɗauko wa Goggo Daga Kalaba

Asabar: Bauchi zuwa Makurɗi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar Ƙofar Dumi, riƙe da buhu babu komai a ciki. Goggo Asabe, ƙanwar babana, ciwon daji ya kama ta a mama. Likita ya sa mata Alhamis a fara magani, ita kuwa ta rantse ba ta taka asibiti sai ta sha shayin da wani gwanin surutu a waya ya ce yana kashe cutar. Mako biyu tana dafa ganyen mangwaron tsakar gida, har bishiyar ta yi sanƙo, kafin 'yarta ta sake sauraron saƙon ta gano "mangurof" mutumin ya ce, wani itacen bakin teku. Mu a Bauchi teku sai a talabijin.

Bayan Jos ɗan sanda ya tare motarmu a shinge.

"Kai, buhun me?"

"Ganye zan ɗauko, yallaɓai."

Ashe na yi suɓul da baka. Minti arba'in ina rantsuwa ba irin wancan ganyen ba ne, fasinjoji na ta yi mini addu'o'in da ba na albarka ba. Muka sauka Makurɗi da magariba, sauro ya karɓe ni hannu bibbiyu.

Lahadi da Litinin: Kalaba

Mai masaukina, Alhaji Buba, ɗan Zungur mai fataucin shanu, ya kai ni wurin wata malamar jami'a da ke binciken itacen. Ta ce a ɗakin gwaji ganyen ya nuna alamar amfani, amma ba ta san wanda ya warke da shi ba.

"Kada ta fasa asibiti," in ji ta, har sau biyu.

Na yi mata godiya. Duk da haka na shiga kwalekwale, na nutse a laka har gwiwa, na cika buhuna. Takalmina ɗaya yana can ya zama ɗan Kalaba.

Laraba: Gida

Bayan la'asar na iso. Goggo ta shinshina ganyen, duk ta rame, ta ce, "Sani, yaya ake shan shi?"

"Goggo, masu shi sun ce ba ya kamawa sai an fara allurar asibiti. Shi ma sai likita ya yarda."

Rabin maganar ƙarya na shirga, Allah ya yafe mini. Ta daɗe tana kallona, irin kallon wadda ta goya ni.

"To, ka nemo keke Napep da sassafe."

Alhamdu lillahi, ƙarfe bakwai na Alhamis muna kan layi a asibiti.