Magaryar Bakin Rijiya

Har yau ban manta da ranar da Baba Ɗanjuma ya shigo kantinmu na magungunan Musulunci a Sabon Garin Gusau ba. Lokacin ni ne babban ma'aikaci, mai kula da teburin ciniki, kuma Malam mai kantin ya kafa mana doka cewa kowane magani sai mun san sunansa na Larabci da na Hausa, kuma ba a yi wa mai saye ƙarya. Ni kuwa, kun san ni da son zuba bayani.

Baba Ɗanjuma tsohon manomi ne daga wani ƙauye bayan Kucheri. 'Yan bindiga sun tashe su da farkon damina, suna zaune a wani kango a cikin gari. Ya ce garin ganyen magarya yake nema.

Na ɗauko masa leda, na ce wannan shi ne sidir. Na gaya masa cewa Larabawan da suna kiran 'ya'yanta nabiƙ, kuma sun raba itaciyar biyu. Ta jeji ita ce dalu, ta bakin ruwa kuwa ubri, wadda ake daka ganyenta a wanke kai da jiki, a kuma yi wa mamaci wanka.

Ya ce tasu ma a bakin rijiya take, a tsakar gida. Matarsa Inna Hajo ce ta shuka ta tun tana amarya. Yanzu tana kwance a asibiti, likita ya ce sai dai addu'a, kuma ta roƙe shi a wanke ta da ganyen magaryarta.

Na ce itaciyar ai duk ɗaya ce, ya daure ya sayi wannan.

"Wagga daga ina ta hito?"

Na ce daga Kano ake kawo mana.

"To in ta tambaye ni ko ta gida ta, mi za ni ce mata?"

Malam ya fito daga ciki ya lallashe shi, ya ce ko da ruwa zalla aka yi, wanka ya inganta, kuma hanyar ƙauyen nasu ba ta biyuwa. Baba ya yi godiya, ya ajiye ledar a hankali, ya nemi a nuna masa inda ake hawa motar Tsafe, hanyar ƙauyensu.

Bayan 'yan kwanaki wani maƙwabcinsu ya zo. Ya ce Inna Hajo ta cika da safe. Baba kuma an tsinci gawarsa a hanyar dawowa, da ƙunshin ɗanyen ganye a aljihun rigarsa. Ganyen ba zai ishi mutum biyu ba, shi ya sa aka aiko a sayi ƙari.

Na tambaye shi wa za a wanke da na gidan. Ya ce ita.

Abin yana cina har yanzu. Ku da kuka zo bayanmu, ku haddace sunayen, aikinku ne. Amma kafin ku fara zuba su, ku tambayi mutum wa zai kai wa. Ledar da Baba ya ajiye, ita na miƙa aka wanke shi da ita.