Ranar da Kawu Ila Ya Fito a Tele

Wata Asabar cikin hutun Disamba, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, ina zaune a gindin mangwaro a garkar Kawu Ila a Jiratawa ina tsinkar zogale cikin kwando, sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin hanya. Mutane suka fito da takalma masu ƙyalli, ɗaya ya saɓa kamara a kafaɗa kamar buhun hatsi, wani yana riƙe da sanda mai kan soso. Suka ce daga Yamai suke, sun zo ɗaukar noman rani. Kawu Ila yayan innata ne, mutum marar yawan magana, kuma a gidansa nake yin kowane hutu ina kai fura garka, ina korar awaki daga fangalin albasa. A lokacin hankalinsa a tashe yake. Injin da ke turo ruwa ɓangarensu ya lalace, albasa ta fara kwanciya, tumatir yana zubar da fure, shi da 'ya'yansa suna jidar ruwa da garwa daga rijiya har kafaɗunsu suka kumbura.

Da ya gane ko su wane ne, sai ya wanke hannu, ya sa na ɗauko masa rigarsa daga reshe, ya gyara hula. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya nuna busasshiyar hanyar ruwa, ya tona ƙasa da yatsa don su ga ba laima, ya ce, "Ku hwaɗa ma manya, in ruwa bai zo ba cikin watan ga, aikinmu ya tashi." Mai sandar yana ta gyaɗa kai. Da za su tafi, suka aro kwandon tumatir daga garkar maƙwabci wanda ruwa ke kai wa, suka roƙi Kawu ya ɗaga shi ya yi dariya. Ya ɗaga, don a ganinsa baƙo ba ya roƙon abu kaɗan a hana shi.

Gidanmu a unguwar Zariya yake, cikin Maraɗi, kuma mu ne muka fara yin tele a layinmu. Baba direba ne, daga Katsina ya zo da ita, ƙarama mai baƙi da fari, inna ta ɗinka mata mayafi. Eriyarta tana kan doguwar gora da aka ɗaure jikin darbejiya, yayana Sani ke murza ta, mu muna ihu daga tsakar gida cewa ta yi ko ta ɓace. In ya juya ta kudu sai mu kamo wasannin Hausa na Najeriya, in ya mayar yamma sai labarun ƙasarmu. Dokar inna ɗaya ce, "Wadda ba ta gama wanke-wanke ba, ba ta ganin ko talla." Saboda haka kafin magariba mun share gida, mun cika randuna, mun kai niƙa mun dawo. Yaran layi su cika tabarmi, manya a kan benci. Da rana kuwa sai mu huda kwalin sabulu, ɗaya ta sa kanta ciki tana karanta labaru da Faransancin ƙarya, saura suna tafi. Ni abin da ya fi damuna tun a lokacin shi ne ta ina mutanen ke shigowa, kuma me ya sa duk cikinsu ba wanda na sani.

To ga shi yanzu za a nuna wanda na sani. Da hutu ya ƙare na koma gida da labari, kafin kwana biyu duk layi ya ji, har 'yan ajinmu. Kawu ya shiga zuwa kan kekensa bayan la'asar, ya kalli labaru da mu, ya kwana a zaure, da asuba ya koma wajen garwarsa. Goggo Hajo, ƙanwar Baba da ke kawo gero kasuwa daga Tsibiri, ita ma ta daina saurin komawa. Kullum sai a gama labaru ba Jiratawa, Kawu ya miƙe ya kakkaɓe riga ya nufi zaure. Ya gaya wa abokan nomansa su yi haƙuri, magana ta isa inda za ta isa.

Ranar da aka nuna, ina cikin cin tuwo Sani ya ce ga garka nan. Muka ga mangwaron, muka ga layukan albasar maƙwabci kore shar. Sai ga Kawu, bakinsa yana motsi, hannunsa yana nuna ƙasa, amma muryar da ke fita ta wani ce, yana zuba Faransanci. Kafin mu gyara zama sai ga shi da kwandon tumatir yana dariya, daga nan aka wuce wani taro. Yara suka yi tafi, Goggo Hajo ta rangaɗa guɗa. Kawu ya juya wajen Sani, wanda yake kwalej, ya ce, "Mi ya ce?" Sani ya ce mutumin ya ce manoman Jiratawa suna murna da albarkar bana. Kawu ya jira har aka maimaita labarun da Hausa, ko can za a saki muryarsa. Can ma hoton ne kawai. Ya ce wa inna ta ajiye masa tuwonsa sai da safe.

Ni kuwa tambaya ta hana ni sakat. Na ji maganar da kunnena, na ga ta shiga sandar nan, to ina ta tafi? Washegari a lakwal na tari mushenmu, wato malamin ajinmu, a bakin aji na tambaye shi. Ya dube ni da mamaki, ya ce zaren da ake ɗaukar hoto a kansa dogo ne, lokaci kuma gajere, sai a zaɓi abin da za a nuna a yanke saura, kamar yadda tela ke yanke yadi. Na ce wa ke zaɓa? Ya yi murmushi ya ce in shiga aji. Na daɗe ina zaton akwai wani ɗaki a Yamai da guntayen maganganun mutane ke zube a ƙasa, na Kawu a ciki. Daga ranar, duk wanda na gani a tele yana dariya sai in yi ta tunanin abin da ya faɗa kafin dariyar.

Ba wanda ya zo daga wajen manya. Manoman ne suka haɗa kai suka ɗauko wani makaniki daga Tsibiri ya tada injin, bayan rabin albasar Kawu ta ƙone. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne sunan da ya bi shi, don har ya rasu a kasuwa ana ce masa Ila mai tele, ana tambayarsa ina tumatir. Bai ƙara zama kallon labaru ba. Amma in lokacin kokowar ƙasa ya zo, shi ne na farko a kan benci, yana cewa, "Wannan dai wanda ya hwaɗi kowa ya gani."

Yanzu jikokinsa ke noma garkar, kowanne da waya a aljihu. In ruwa ya yanke ko gulbi ya yi ambaliya, su ɗauka da kansu su turo, su yi magana iya son ransu, ba mai yanke musu ko kalma. Nakan kalla ni kaɗai a shagona tsakanin masu saye, 'ya'yana kuma kowa ya duƙufa kan tasa wayar yana dariyar abin da ban sani ba. A da an hana mu muryar Kawu, amma layi guda ya taru ya zauna yana jiranta. Yau muryar ta samu, masu jiran ne suka watse.