Harsashi na Shida

Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, ana rubutawa. Wannan labarin tafiyata Kano ne a shekarar da aka ce za a rushe aikin 'yan doka. Shekara shida ina ɗan doka a Gaya, kulki ne makamina. Sai sanarwa ta zo cewa za a zaɓi wasunmu su shiga 'yan sanda masu riƙe bindiga. Irina marar takarda, in ba a ɗauke shi a nan ba, gona zai koma. Ni ɗan maharbi ne. Na ce wannan tawa ce.

Litinin: Ajingi zuwa Kano

Na yi sallar asuba, na leƙa ɗakin Baba. Ido ɗaya gare shi. Ɗayan bindigar toka ce ta fashe ta cinye shi tun ba a haife ni ba. Shi ya koya min harbi, kuma da tsumagiya ya koya min: ka auna, ka kau da fuska, sannan ka ja kunama. Na ce na tafi. Ya ce, "Allah ya tsare." Bai ƙara ba.

Na taka da ƙafa zuwa Gaya, mil takwas ko tara. A tasha na tarar da Sale, abokin aikina, gajere mai agogo da yawan magana. Shi ke faɗa min lokaci ko ban tambaya ba.

"Ƙarfe takwas saura kwata, Maharbi. Ka zo da kwari da baka?"

"Kai ka zo da tsani?" na ce.

Lorin gyaɗa muka hau, sule biyu kowa, a kan buhuna. Ƙarfe tara muka tashi. A gadar Wudil sojoji suka tsayar da mu, don lokacin ba a daɗe da gama yaƙi ba. Ɗaya ya ce ina za mu. Sale ya nuna bindigar da ke kafaɗarsa.

"Irin wannan za mu karɓo, ranka ya daɗe."

Sojan ya yi dariya ya ɗaga sanda. Ni ban yi dariya ba. Bindigar nake kallo har muka ƙetare.

Daga Gaya zuwa Kano mil arba'in ne. Ƙarfe ɗaya da rabi muka sauka. Muka kama zauren wani fatoma, sisi sisi, tabarma taka. Tuwon dawa miyar kuka, taro.

Talata: Awo

Ƙarfe bakwai muna filin bariki. Aka ce kowa ya tuɓe riga. Wani Saje mai faɗin ƙirji ya jera mu. Aka auna tsayi da sanda, aka auna ƙirji da igiya. Aka duba haƙora kamar za a sayi doki. Aka ce mu haɗa ƙafafu. Wanda gwiwoyinsa suka gogi juna, waje. Da aka zo kan Sale ya yi ɗage, Saje ya take masa yatsa.

"Sauko ƙasa, nan ake aikin."

Da ƙyar gashinsa ya taɓa sandar. Aka bar shi.

Sai gudu, zagaye goma. Na zo na uku. Da yamma wasu da aka riga aka ɗauka suka wuce suna fareti, takalma na faɗuwa lokaci ɗaya, bindigogi a kafaɗa. Na tsaya jikin waya har suka ɓace. Na riga na ga kaina a sahun, na biyu daga dama.

Laraba: Filin harbi

Mil huɗu bayan gari, a babbar motar bariki. Aka kafa alluna, aka ba kowa harsashi biyar. Da aka ɗora min bindigar a hannu, na ji nauyinta ya zauna daidai. Ba tsatsa, ba ɗaurin waya, ba dura albarushi. Ban taɓa riƙe abu mai kyau irinta ba, kuma ban sake ba.

Sale ya harba biyar, biyu suka sami allo. Na kwanta na harba nawa. Mai duba allo ya ɗaga tuta sau biyar. Duka a tsakiya, tafin hannu zai rufe su. Na ji Sale na ihu, "Ɗan Ajingi ne! Tare muke!"

Sufeto, wani dogon dattijo mai furfura a gashin baki, ya tako ya tsaya a kaina.

"Wa ya koya maka harbi?"

"Babana, ranka ya daɗe."

"Ka san duk sanda za ka ja kunama, bayanka kake kallo?"

Ban sani ba. Wa ke sanin yana ƙifta ido?

Ya ce, "Allo ba ya motsi. Kasuwa tana motsi. Tsakanin aunawarka da janka, 'yar wani za ta iya gittawa." Ya sa hannu a aljihu ya ciro harsashi ɗaya. "Ba na yi wa kowa haka. Wannan bindigar ba ta fashewa irin ta toka. Ko ka sami allo ko kada ka samu, ka dai kalle shi."

Na kwanta. Na auna. Na ce wa wuyana ya tsaya. Na dafe kumatuna a jikin katakon har ya yi min zafi. Na ja.

Da ƙarar ta lafa, takalmin Sufeto nake kallo. Can nesa tuta ta sake tashi.

Ya karɓi bindigar da kansa, a hankali. "Allah ya ba ka wata hanyar, ɗana."

Alhamis: Komawa

An ɗauki Sale. Ya rako ni tasha. Da lori ya tashi ya ce, "Ƙarfe goma da rabi." Shi ke nan abin da ya samu ya faɗa.

Sojan gadar Wudil ya gane ni. "Ina bindigar?" Na ce tana Kano. La'asar muka shiga Gaya. Na mayar da kulki da kaki, na kama hanyar Ajingi da ƙafa. Na isa ana shirin magariba.

Baba na zaune a ƙofar gida. Na faɗa masa duka, har na shidan.

"Ka kau da kai?"

"Na kau."

Ya jawo ni kusa, ya duba fuskata da idonsa ɗaya.

"Madalla. Ido biyu ka tafi da su, biyu ka dawo da su."

Ban yi masa musu ba, har ya rasu. Na yi noma, na ci, na ciyar. Amma har yau in motar 'yan sanda ta bi ta Gaya, nakan ajiye abin da ke hannuna in bi sahun da ke cikinta da kallo, in nemi na biyu daga dama. Wannan kam ba na kau da kai.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Sufeton nan da harsashinsa.