Ranar da Inna Ta Kira Sunan Baba

Wata Alhamis ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu. Na dawo daga makaranta na tarar da Inna tsaye a gindin mangwaron gidanmu na Yelwa, tuwon shinkafa yana ta ƙauri a kan murhu, ita ko a jikinta. Azahar ta wuce, Baba bai kira ba.

Baba direba ne, yana ɗauko bandar kifi daga ƙauyukan bakin ruwa na Ngaski a wata tsohuwar a-kori-kura, ta hanyoyin da shanu ma sai sun yi shawara kafin su bi. Babu sabis ɗin waya a can, don haka shi da abokan sana'arsa suka koma ga rediyon oba-oba. Da zai saya, ya ƙi ƙaramin na hannu, wai muryarsa ba ta haye tudu. Ya zaɓi mai doguwar eriya ya ɗaura a mota, ya kafa wani irinsa a ɗakin Inna da batirin mota, eriyar a kan gora can ƙololuwar mangwaro. Yakan ce, "Mai shiga daji ba ya sayen abu don kyawo nai." Ni ce mai kira kullum, ko ina tsakiyar carafke sai an tsamo ni, domin duk direbobi suna jin abin da aka faɗa, Inna kuwa ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. "Shi" take cewa, in ta matsu ta ce "Malam".

Ranar na yi ta danna rediyon ina cewa, "Baba, Kulu ce," har muryata ta dushe. Ba ka jin komai sai shuuu. Direbobi suka shigo layin, kowa bai gan shi ba, wani ya ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya wajen fadama, rafi na cikowa. Inna ta karɓa ta ce "Malam", malamai suka amsa ta ko'ina, ban da namu. Ni ma tsoro ya kama ni. Ta rufe ido, ta danna, ta ce da ƙarfi, "Sahabi! Sahabi, ina kake?"

Can sai ga muryar Baba yana haki: "Ga ni cikin hwadama, mota ta kahe, ruwa na tahowa. Wa ad da igiya kusa?" Ashe kunyar a ce ya kafe ce ta hana shi kira. Yana gefe yana saro rassan da zai cusa ƙarƙashin taya, yana jin hayaniyar rediyo bai kula ba, sai da sunansa ya fito daga bakin da bai taɓa fitowa ba. Direbobi suka juya suka jawo shi kafin ruwa ya kai ƙofar mota.

Ya dawo da laka har wuya, ya tsaya bakin ɗaki yana murmushi, ya ce, "Wa ta kira ni ɗazu? Ban ji da kyau ba." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce tuwo dai ya ƙone, sai ya yi haƙuri.

Yanzu waya tana aljihun kowa, ni ma ina kiran sunan mijina ba ko ɗar. Baba ya rasu, rediyon yana ɗakin Inna lulluɓe da zane, ina kewar shuuu ɗin nan. Har yau in za ta yi masa addu'a, "shi" take cewa. Sau ɗaya ta kira sunan, kuma ya amsa.