Ƙwaryar Gwaggo a Keffi

Mun tashi da asuba daga Nyanya, ni da gwaggona, tun motocin ma'aikata ba su toshe hanya ba. Ai kuwa mun yi dabara! Muna isa Mararaba, hannun shiga Abuja ya cika maƙil, namu kuwa fayau. Kuɗin mota dai ya ninka na bara. Gwaggo ta tsaya ciniki da ɗan kamasho kamar a kasuwar nono take, ni kuwa kunya ta ishe ni.

Ƙwarya ce ta kai mu Keffi. Bara malaman wata makarantar zane da sana'ar hannu suka je rugarsu kusa da Panda, suka ari ƙwaryar nonon da ta gada wajen mahaifiyarta, za su ajiye ta shekara guda a ɗakinsu na kayan tarihi. Ita kaɗai ce abin da kakata ta bari. To, Gwaggo ta zo wurina ganin likitan ido, sai ta ji makarantar na bikin ƙarshen shekara. Ta ce ko da rarrafe sai ta ɗauko abarta.

Daga Masaka zuwa gaba, wuraren da na sani gonaki ne duk sun koma gidajen bulo da allunan sayar da fili. A tashar Keffi muka karya da masa da miyar taushe. Gwaggo ta ce masar ta yi, amma an yi rowar mai. Duk da haka takwas ta ci.

Makarantar ba wata babba ba ce, amma ranar ba masaka tsinke. An baje duk aikin da ɗalibai suka yi a shekara: tukwane, rini, saƙa, har da kujerun ƙarfe na 'yan walda. Can tsakiya ga ƙwaryar a akwatin gilashi. Gwaggo ta daɗe a kanta tana kallo. Da ta waiga, sai ta kama hannuna.

"Kai ɗan nan, idona ne, ko kai ma kana gani?"

Zanen ƙwaryar ne a jikin tukwane da zannuwa, ko'ina. Kuma kowanne da wani karkataccen layi mai ƙananan ɗigo a gefe.

Wata ɗaliba ta matso ta durƙusa. "Mama, ai wannan layin ya fi ba mu wuya, amma duk cikin adon shi muka fi so."

Gwaggo ta dafe ƙirji, ta yi dariya har tana tari. "Wayyo ni! 'Yata, ai ba ado ba ne, ɗinki ne! Saniya ce ta harbe ta ta tsage. Babu gyartai kusa, Inna ta huda ta ɗinke da kanta."

Malaminsu ya rasa inda zai sa kansa. Muna cikin dariya sai na ga Gwaggo na share ido da bakin mayafi. Ashe a hannunta ƙwaryar take ranar, tana ƙarama, kuma Inna ko tsawa ba ta yi mata ba. Wallahi ban taɓa jin labarin nan ba, sai da nawa idon ya cika.

Malamin ya buɗe akwatin ya miƙa mata da hannu biyu, yana godiya. Ta rungume ta, ta shinshina cikinta. Sannan ta tambaya ko baɗi ma za a ɗauki sababbin ɗalibai. Ya ce in sha Allahu. Sai kawai ta mayar da ita cikin akwatin da kanta.

"Malam, rufe. Amma ku riƙa gaya musu wadda ta yi ɗinkin."

Bayan la'asar muka kamo hanya, wannan karon cunkoson kasuwar Mararaba ya rutsa da mu, sai magariba muka shiga gida. Na koyi cewa abin da muke ɓoyewa a matsayin aibu, wani na iya yin shekara yana koyonsa. Matata ta tarye mu tana tambaya, "Gwaggo, ina ƙwaryar?"

Ta ce, "Na baro Inna a Keffi, tana koyar da yara."