Hoton da ban kai wa Kawu ba

Jiya wata motar sulke ta wuce ni a hanyar Basawa. Warin gas ɗinta ya bugi hancina, sai ga Kawu a raina.

Tsohon direban soja ne. Ko wane ƙarfe ya gani, ko da durom ne, sai ya ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne. Yakan ce ya taɓa tuƙa motar sulke mai shiga kogi ta yi iyo kamar agwagwa. Tsofaffin majalisarsa a Sabon Gari suka mai da shi abin dariya, har suka sa masa suna Direban Agwagwa.

Wata Asabar ya zo shagon intanet da nake aiki a Samaru, rigarsa sharkaf da gumi.

"'Yata, an ce komai na cikin akwatin nan. Ki ciro mini hotonta in kai musu."

Ɗalibai sun cika shagon, ga shi da ɗaga murya don injin ya taɓa masa kunne. Kunya ta kama ni.

"Kawu, layi ba kyau. Sai wani satin."

Layi lafiyarsa ƙalau. Ya ƙwanƙwasa bayan kwamfutar, ya saurara, ya yi murmushi ya tafi. Bai sake tambaya ba, ni ma ban tuna ba.

Bayan jana'izarsa na nema. Ko minti biyu ban yi ba, ga ta tsamo-tsamo a tsakiyar ruwa.

Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya sa ka haye lafiya. Ni kuma ka yafe mini.