Rigar Golan da Bai Dawo Ba

Shekara goma sha tara Hedwig Sobotta ta yi tana wanke rigunan ƙungiyar ƙwallon unguwarsu ta mahaƙa kwal a yankin Ruhr na Jamus. Kowace riga ta san mai ita daga facin da ta yi mata. A kakar 1943 yaƙi ya kwashe 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, har da mijinta Ewald, golan ƙungiyar, wanda wata bakwai ba wasiƙarsa daga Rasha. Gasa kuwa ba a fasa ba, sai a cike gurbi da sojojin da suka zo hutu.

Wata Lahadi tsoho Brinkmann, shugaban ƙungiya, ya zo ƙofarta, hula a hannu.

"Hedwig, mun samu gola, wani sojan ruwa. Rigar Ewald muke so."

"Ba ta bushe ba," in ji ta, alhali ta daɗe a ninke cikin akwati.

"Haba, 'yata. Tsirara zai tsaya a raga?"

Ta ɗauko ta miƙa masa. Ranar ba ta je fili ba. Ta zauna a kicin ita kaɗai, tana jin ihun 'yan kallo daga nesa, ba ta san wa aka ci ba.

Da la'asar aka dawo da rigar, duk taɓo, da warin gumin wani. Ta jima riƙe da ita, sannan ta ɗora ruwa a wuta.

Labarin Ewald bai taɓa zuwa ba. Ta ƙara shekara ashirin tana wankin, amma ba ta sake zuwa kallo ba.